Tsakiyar Kujera

Mijina bai taɓa zama a tsakiyar komai ba. Ka ba shi benci, sai ya ɗosana a bakin hagu, rabin jikinsa a iska. Ka ba shi kujera mai hannu, sai ya takure a lungu ɗaya ya bar sauran wurin kamar yana jiran baƙo. Ko a gado haka yake, ni mai jiki na samu fili na baje, shi kuwa ƙafarsa ta hagu tana reto a ƙasa har gari ya waye. Shi ya sa 'yan tasharsu suke kiransa Gefe. Sunan ya bi shi har gida, yaran layinmu suna cewa Baba Gefe, yana amsawa da murmushi.

Ba haka aka haife shi ba, sana'a ce ta lanƙwasa shi. Keke mai ƙafa uku yake tuƙawa, shekara ashirin da ɗoriya, tun kafin a kawo ni gidansa. Kujerar direba ta mutum ɗaya aka yi ta, amma duk wanda ya taɓa aikin ya san fasinja uku a baya ba sa ɗora tukunya. Sai direba ya matsa hagu, ya ba na huɗu rabin kujerarsa, ya miƙa hannuwa a karkace ya kamo sitiyarin da ke tsakiya. Haka mijina ya yi ta yi daga safe har faɗuwar rana, har ya zama ko babu kowa a gaba ba ya komawa tsakiya. Wai daga can ya fi ganin hanya.

Ni tela ce, saboda haka da tef na san jikinsa, ba da ido kawai ba. Kafaɗarsa ta dama ta sauka ta yi gaba, in zan yanka masa riga sai na yi mata nata awon daban, in ba haka ba wuyan rigar ya karkace. Ƙafar wandonsa ta hagu ita ce kullum take fara koɗewa, don ita ce a waje, ita rana ke duka, ita ruwan titi ke fallatsa wa. Yakan ce keke biyu ne suke riƙe da gidanmu, nasa mai ƙafa uku da nawa na ɗinki. Nakan ce masa nawa dai bai taɓa karkata wa kowa baya ba. Amma gaskiyar magana, nawa sabulu da gishiri kawai yake iya kawowa. Haya da abinci da makarantar yara duk a kan nasa suke.

Sai kuma hannun nan nasa na dama, wanda shi ne na fara sani a jikinsa fiye da komai. Ina da tsohon cikin 'yarmu ta fari ya ɗauke ni zai kai ni awo asibiti. Da yake mutumin nan ba ya iya tafiya da kujera babu kowa, sai ya cika baya da fasinja, ni ya sa ni a gaba kusa da shi. Muna cikin gudu wani mai tura baro ya fito daga bayan wata babbar mota. Ban ga lokacin da ya taka birki ba. Abin da na ji shi ne wani abu mai tauri ya tokare min ƙirji ya manna ni da kujera. Hannunsa ne. Na baya suka gwara kai da ƙarfen rumfa suna ta masifa, ni kuwa ba don hannun nan ba da ni da cikin mun fita ta gilashi. Kwana da kwanaki ina jin ciwon wurin, ina kuma jin daɗinsa.

Daga baya na gane yadda abin yake. Birkin keke a ƙafa yake, hannun dama totur kawai yake murzawa. To da zarar haɗari ya taso, ƙafarsa ta tafi birki, hannun ya saki totur ya gilma a ƙirjin wanda ke gefensa. Tsofaffi da ɗalibai da mata masu goyo, Allah kaɗai ya san adadin waɗanda hannun nan ya tare. Ko titi za mu tsallaka a ƙasa, mota ta yi hon, sai in ji shi a ƙirjina. Abin dariyar shi ne shi bai san yana yi ba. In na faɗa masa sai ya ce, "Tela, ke dai akwai ki da ƙara wa magana gishiri."

Bara aka yi wani mummunan haɗari a kan gada, keke ya shige ƙarƙashin tirela, gari ya ɗauka. Sai hukuma ta farka daga barcin da ta daɗe tana yi. Aka ce daga yanzu babu mai tuƙa keke sai ya je horo, an gwada shi, ya karɓi lasisi. Aka hana ɗaukar fasinja a gaba kwata-kwata. Gwajin kuma sau biyu ake ba mutum dama, wanda ya faɗi duka biyun sai ya jira zagayowar shekara. Na so in ce dokar ba ta da kan gado, Allah ya sani na so in faɗi haka, don ya fi sauƙi mutum ya samu wanda zai zaga. Amma ni da kaina na taɓa zama a gaban nan da ciki, na san abin da ke tsakanin mutum da kwalta.

Keken ba namu ba ne. Na wani mai sayar da tayoyi ne a bakin kasuwa, kowa Mai Taya yake ce masa. Mutum ne mai kirki daidai gwargwado, shekara da shekaru bai taɓa ɗaga wa mijina murya ba. Da kansa ya tako har ƙofar gidanmu, ina daga ciki a kan keken ɗinki ina jin su.

"Gefe, kai ma ka san ba ni da direba kamarka," in ji shi. "Amma an ce duk keken da aka kama a hannun marar lasisi ya tafi ke nan, ba a fansa. Ni kuma ba ni da ƙarfin asarar keke. Ka je ka yi horon nan, ka kawo min takardar in gani, mu ci gaba yadda muka saba."

"In ban samu ba fa, Maigida?" mijina ya tambaya yana dariya.

"Kada ka sa in faɗa da bakina."

Bayan ya tafi mijina ya shigo yana ta dariyarsa. "Kin ji fa, Tela. Ni za a koya wa keke. Wanda zai koya min ɗin, da na fara tuƙi ina jin yana goye."

"To Baban yara, sai ka je ka koya masa," na ce. Ni ma a lokacin abin dariya na ɗauke shi.

A wani tsohon garejin manyan motoci ake horon, fili ne babba da aka kewaye da waya, aka kafa rumfa a gefe. Mai koyarwar wani dogo ne siriri da usur rataye a wuya, kafin rana ta faɗi direbobi sun raɗa masa Mai Usur. Sun yi yawa ƙwarai, don haka yawancin horon da baki aka yi shi, suna zaune a benci yana zana musu titi a allo. Kullum mijina ya dawo sai ya tsaya a tsakar ɗaki ya kwaikwaye shi, ya miƙe sambal ya toshe hanci: "Jiki a tsakiya! Hannu biyu a sitiyari! Ido a madubi!" Yara su yi ta faɗuwa don dariya. Ya ce Mai Usur ya zo ya tsaya a kansa ya tambaye shi ko bencin ne yake cizonsa, tunda ga wuri a dama ya ƙi matsawa.

Wata rana ya dawo bai yi kwaikwayo ba. Na ajiye masa abinci ya ɗan taɓa ya ture. Sai da yara suka fita wasa ya ce an nuna musu hotuna.

"Hotunan me?"

"Na waɗanda aka kwasa a titi." Sannan ya ce, "Kusan duk na gaba ne, Tela. Na baya sukan tsira da karaya. Na gaba ne ba sa tashi. Mai Usur ɗin nan ashe a motar ɗaukar masu haɗari ya yi aiki kafin nan, da hannunsa ya kwashi wasu. Bai ɗaga murya ba yau, ko usur ɗin bai busa ba."

"Kai ai ba ka taɓa yar da kowa ba."

"Allah ne ya tsare," ya ce. Daga ranar bai ƙara ɗaukar kowa a gaba ba, tun kafin ma dokar ta fara aiki. Abin da yake shigowa da shi ya ragu, na gani a tukunya. Amma zaman gefen bai daina ba, yana tafe shi kaɗai a karkace, rabin kujera babu kowa.

Ranar gwajin farko ban je ba, don ban ga abin zuwa ba. Ƙanena ne ya ba ni labari, shi ma direban keke ne, bai daɗe da farawa ba, kuma mijina ne ya koya masa. Ya ce an jera robobin nan jajaye masu tsinin kai, ana so mutum ya bi ta tsakaninsu yana lanƙwasa, sannan ya yi baya ya shiga wani ɗan wuri, daga nan ya zagayo a yi masa gwajin birki. Mijina ya hau ya ɗosana a gefensa yadda ya saba, Mai Usur ya ce a'a, sai a tsakiya. Ya matsa. Yana tashi tayar baya ta dama ta kwashe robar farko, ya gyara, ta kwashe ta biyu, ya ƙara gyarawa ya wuce gona da iri, ta hagu ta taka roba ta uku. Ko wurin yin baya bai kai ba aka busa masa usur. Ƙanena kuwa ya wuce sumul, ya karɓi takardarsa, ya kasa haɗa ido da mijin yayar tasa.

Mutumin da yake shiga lungun da akuya ma sai ta yi tunani, mutumin da yake ratsa kasuwa ranar cika bai taɓa tumatir ɗin kowa ba, shi ne robobi suka kayar a gaban yaran da ya koya wa sa giya. Na ji haushi har na ɗinke hannun rigar wata mata a baibai sai da na farke.

Da ya dawo bai shiga ɗaki ba, ya zauna a bakin dakali. Na fito na zauna a wurin da ya bari a damansa.

"Ban san inda tayoyina suke ba," ya ce. "Daga gefe, ko ido na rufe na san inda kowacce take taka. Da na koma tsakiya sai na ji kamar an ba ni keken wani. Taki ɗaya ne fa tsakanin nan da can, Tela. Taki ɗaya."

"To za ka koya."

"A wannan shekarun?"

"A wannan shekarun. Ko kana da wata sana'ar da ka ɓoye min?"

Ba shi da ita, ni ma na sani. Bai iya gini ba, bai iya ciniki ba, bayansa ba zai ɗauki dako ba. In ka raba shi da keke, abin da ya rage mutum ne mai karkatacciyar kafaɗa da 'ya'ya a makaranta.

Ƙanena ya zo da shawarar ko a nemi wanda zai shiga gwajin a madadinsa, ko a ga wani a ofis. Aka bincika aka tarar da hoto da zanen yatsa ake shiga, kuma Mai Usur ko ruwan sha ba ya karɓa a hannun direba. Mijina ma ya ce ko da hanya ba zai bi ba, shi da keke ba za a ce sai an saya masa takarda ba. Wannan taurin kan nasa ina sonsa, ina kuma jin kamar in shaƙe shi.

Sai na ɗauko tef ɗina da allin ɗinki na fita wurin keken. Na auna kujerar, na ja layi a tsakiyarta. Na ɗinka wani ɗan matashi mai tauri na ɗaure a bakin hagu, yadda in ya zame zai ji ya tokare shi. Akwai wani ɗan filin ƙwallo a bayan layinmu, da sassafe kafin yara su fito muke zuwa. Muka tara gwangwanayen fenti muka jera yadda ƙanena ya nuna mana. Ni nake zama a baya a matsayin kaya, ni ce kuma Mai Usur.

"Jiki a tsakiya!" nakan daka masa tsawa.

"Ai ina tsakiya."

"Ƙarya kake, ina ganin allin daga nan."

"Wannan matar, da ke aka ba usur ɗin da babu wanda zai samu lasisi a garin nan."

Ya sha wuya. Bayansa da ya saba da karkata ya ƙi yarda da miƙewa, in ya sauko sai ya dafa keken ya daɗe kafin ya iya takawa. Ina gasa masa da ruwan zafi yana cije baki. Gwangwanayen nan sun sha taka har suka lotse, muka sake nemo wasu. Akwai safiyar da ya kashe keken a tsakiyar fili ya kifa kai a sitiyari ya ce ya gaji, a bar shi. Ban lallashe shi ba. Na ce masa in ya gama kukan ya tayar mu ci gaba, rana tana yi. Na san na yi masa tsauri, amma tsoro ne ya kama ni, kuma ni in ina jin tsoro faɗa nake yi.

A hankali tayoyin suka dawo masa. Ya fara wuce gwangwanayen bai taɓa ko ɗaya ba, ya yi baya ya shige tsakanin duwatsun da muka ajiye kamar zare a allura. Na kwance matashin, bai zame ba. Na goge allin, bai zame ba. Har a gida na kama shi wata rana zaune a tsakiyar benci, ya miƙe ƙyam yana shan shayi, yara suna leƙensa kamar baƙo. Birki kuwa ba mu taɓa gwada shi ba. Filin gajere ne, babu wurin gudu, kuma wa zai tsaya koya wa Gefe taka birki? Duk tasha an san babu mai ƙafarsa.

Ranar gwaji na biyu na rufe keken ɗinki na bi shi. Na ɗinka masa sabuwar riga, wannan karon da kafaɗu daidai, wuyan ya ɗan karkace amma ban faɗa masa ba. Iyalai ba sa shiga, a bayan waya muke tsayawa, mata da 'yan'uwa da direbobin da suka riga suka samu. Ƙanena yana gefena. Can na hango Mai Taya shi ma ya zo, ya tsaya nesa a inuwar wata mota, kusa da shi wani saurayi riƙe da sabon lasisi a cikin leda. Na gane abin da saurayin ya zo yi, na ɗauke kai.

Aka kira mijina da rana ta take. Ya hau, ya zauna a tsakiya, ya gyara madubi, ya kama sitiyari da hannu biyu. Aka busa usur. Ya shiga robobin nan a hankali, dama, hagu, dama, ko ɗaya ba ta motsa ba. Direbobin da ke bayan waya suka fara, "Sai Gefe! Sai tsohon hannu!" Ya sa sigina, ya leƙa madubi, ya yi baya ya shige wurin da aka zana ya tsaya cak. Na ga Mai Usur ya gyaɗa kai. Na riƙe wayar nan har ta shata min yatsu ban ji ba.

Saura birki. Ƙanena ya ce min wannan ai an gama, mutum zai taho da gudu a miƙe, in Mai Usur ya sauke jar tuta sai ya tsaya kafin farin layi. Mijina ya zagaya can ƙarshen fili, ya juyo, ya murza totur. Yana tahowa a zaune a tsakiya, sabuwar rigar tana kaɗawa. Tutar ta sauka. Tayoyi suka yi ƙara, keken ya tsaya tun kafin ya kusanci layin, a miƙe, bai ko karkace ba. Jama'a suka ɗauki ihu.

Ni ban yi ihu ba, don na gani. Hannunsa na dama yana miƙe a gefe, ya gilma a kan rabin kujerar da babu kowa, tafin a buɗe, yana tare iska.

Mai Usur ma ya gani. Ya daɗe da usur ɗin a baki kafin ya busa. Ihun ya mutu. Ya taka ya je wurin keken, kuma da yake kusa da wayar suka tsaya, duk muna jin su.

"Baba, ka saki sitiyari."

"Ni? Ban saki ba." Kafin nan hannun ya riga ya koma wurinsa. Mijina ya dubi hannuwansa biyu a kan sitiyari, ya dubi Mai Usur da fuskar mai gaskiya, don shi a saninsa gaskiya yake faɗa. "Ga su nan, Malam. Ban saki ba."

"Ka saki na dama lokacin da ka taka birki. Kowa ya gani."

Mijina ya juyo ya dubi mutanen da ke bayan waya. Babu wanda ya yarda ya haɗa ido da shi. Sai idonsa ya faɗo kaina. Da zan iya yi masa ƙarya a rayuwata da ranar ce, amma ya riga ya karanta a fuskata. Ya ɗaga hannun ya juya shi yana kallo.

"Wa kake tarewa?" Mai Usur ya tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Fasinja," in ji mijina.

"Babu fasinja a gaba, Baba. Ba kuma za a ƙara samu ba. In ka saki hannu ɗaya a birkin gaggawa, tayar gaba ta ci karo da rami ko dutse, keken zai juye da na baya. Duk abin da ka yi yau ban ga wanda ya yi kamarsa ba. Amma sakin sitiyari faɗuwa ce, kuma ba ni kaɗai nake dubawa ba." Ya nuna wasu mutum biyu da ke zaune a rumfa suna rubutu.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. "Malam! Hannun nan da kake gani shi ya tare ni da cikin 'yata! Ka tambayi duk tashar nan mutum nawa ya tare! Yau shi ne laifi?"

Ya juyo ya dube ni. Na so ya yi min tsawa, na so ya ce a kore ni, in samu abin da zan riƙe in yi ta zaginsa har in mutu. Sai ya ce, "Na yarda, Uwargida. Wallahi na yarda. Ya dawo baɗi." Ya juya ya kira na gaba.

Baɗi. Kamar tukunya tana jiran baɗi, kamar mai gidan haya ya san wata kalma wai ita baɗi. Kuma ko baɗin ta zo, da wane keken zai koya, tunda ba shi da izinin hawa? Wa zai ɗaure masa hannun da shi kansa bai san lokacin da yake tashi ba? Zama na iya auna masa da tef, na ja masa layi da alli. Wannan ban san inda zan ja layin ba.

Ya turo keken waje da hannu, don an ce daga lokacin ba shi da ikon tayar da shi. Mai Taya ya matso yana ta share zufa, yana cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri, yana cewa ƙofarsa a buɗe take duk ranar da takarda ta samu. Mijina ya ciro makullin daga aljihu. Akwai wani ɗan zare ja da na kitsa masa a jiki tun shekarun baya, ya tsaya zai kwance, yatsunsa suka kasa, sai ya miƙa har da zaren. Mai Taya ya miƙa wa saurayin nan, ya ce ya kai mu gida tukuna.

Mijina ya nufi gaba, ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ya tuna. Ya dawo ya shiga baya kusa da ni. Ban taɓa ganinsa a bayan keken nan ba. Ya zauna yana kallon ƙeyar yaron, yana kallon kujerar da gefenta na hagu ya lotsa daidai jikinsa. Saurayin yana zaune a tsakiya, hannu biyu a sitiyari, yana tuƙi a tsanake yadda aka koya masa, kuma ba zan ce ya yi kuskure ko ɗaya ba.

Mun kusa shiga layinmu wani kare ya tsallako titi. Yaron ya taka birki. Ban ko motsa daga wurina ba, don birkin ba wani mai ƙarfi ba ne, amma sai na ji shi a ƙirjina, a daidai wurin da na ji shi ina da cikin 'yata. Wannan karon shi ma ya gani. Ya bi hannun da kallo tun daga kafaɗa har yatsu, ya fara janye shi a hankali kamar wanda aka kama da kayan sata. Na kama shi da hannu biyu na riƙe.

"Tela," ya ce, bai dube ni ba, "to yanzu me zan yi da shi?"

Yaron ya sa giya muka ci gaba. Har muka iso ƙofar gida ina riƙe da hannun, ban sake shi ba.